Takardar Mai Fensir

Litinin, 6 ga wata, 5:20 na yamma

Takardar Mai Fensir ba ta fito ba yau.

Na kai ta ofishin Shugaba tun tara saura kwata, cikin koren fayil, kamar yadda nake kai kowace takardar ɗaukar aiki shekara huɗu ke nan. Yawanci kafin azahar ta dawo da sa hannu, in tura wa mai ita. Ƙarfe biyu na leƙa, sakatariya ta ce Shugaba yana taro. Ƙarfe huɗu ta ce bai fito ba. Fayil ɗin yana nan inda na ajiye shi, an ɗora masa kofin shayi.

Bari in rubuta ko wane ne. Kamfaninmu yana yin manhajar da manyan ɗakunan ajiya suke bin sawun kayansu da ita. Wata uku muna neman wanda zai riƙe mana rumbun bayanai. Mutum ɗari biyu da tamanin da ɗaya suka nema. Na tace suka koma goma sha biyu, suka koma huɗu, suka koma shi. Ya haura arba'in, ya yi shekara tara a wani kamfanin jigilar kaya da ke wancan gefen gari. A gwaji na uku da aka ba shi kwamfuta, sai ya ture ta gefe, ya zaro fensir daga aljihun riga, ya nemi takarda. Minti ashirin yana zane, Babban Injiniya yana ta kallona yana ɗaga gira. Da ya gama ya buga amsar cikin minti shida, babu kuskure ko ɗaya. Tun ranar sunansa ya ɓace a ofis, sai Mai Fensir.

Ranar Alhamis na yi masa kiran albishir. Haka muke ce masa a sana'ar nan: kafin takarda ta fito, sai a buga wa mutum waya a faɗa masa da baki, don kada wani kamfani ya riga mu. Ranar Juma'a ya miƙa takardar ajiye aiki a can. Notis ɗinsa wata guda ne.

Gobe za ta fito.

Talata, 7 ga wata, 1:10 na rana

Madam, wadda duk harkar ma'aikata take hannunta, ta kira mu ni da Doguwa, abokiyar aikina. Ta rufe ƙofa da kanta, abin da ba ta saba ba.

An dakatar da ɗaukar aiki. Manyan kwastomomi biyu sun ƙi sabunta kwangila, wani na uku yana jan ƙafa. Daga jiya babu sabon sa hannu. Ba za a faɗa wa kowa ba, har ma'aikatan cikin gida, sai bayan 28 ga wata, ranar da masu zuba jari za su zo.

Doguwa ta ce to bari ta sauke tallace-tallacen guraben nan goma sha ɗaya daga shafinmu.

"Kar ki taɓa su," in ji Madam. "Idan mutanen nan suka buɗe shafin suka tarar da shi fayau, me za su ɗauka? Kamfanin da yake neman ma'aikata shi ne mai lafiya. Ku ci gaba da intabiyu. A riƙe mutane a hannu, kar a ɗaure, kar a saki."

Na tambayi batun Mai Fensir.

"An ba shi takarda?"

"A'a, amma na kira shi."

"To ai kira ba takarda ba ne."

"Ya riga ya ajiye aikinsa, Madam."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wa ya ce ya ajiye?"

Na ce mutane sukan yi gaggawa.

Da za mu fita ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba: "Ni da ku aikinmu ɗaukar mutane ne. Ranar da aka faɗa a fili cewa ba a ɗaukar kowa, ku yi tunani da kanku teburin wa za a fara fitarwa."

Laraba, 8 ga wata, 11:30 na safe

Ya kira 11:05.

"Malama, ina fatan ban takura miki ba. Na duba imel har cikin kwandon shara, ko ta faɗa can."

"Ba ka takura ba, Injiniya. Takardar tana ofishin Shugaba. Ba a kai ga sa hannu ba tukuna, taruka sun yi masa yawa makon nan."

"Ba komai. Manya ai sai a hankali." Ya yi dariya. "Manajana ne ya sa ni gaba, kullum sai ya tsaya a bakin teburina ya ce in sake tunani. Na ce masa magana ta riga ta ƙare."

Na ce Allah ya sa alheri. Ya ce amin.

Ban yi ƙarya ba. Takardar tana ofishin Shugaba. Ba a sa hannu ba. Taruka sun yi yawa. Na daɗe da sanin cewa ana iya jera gaskiya uku a gina ƙarya da su, amma ban taɓa ginawa da bakina ba sai yau.

Na duba kalanda. Notis ɗinsa zai cika 3 ga watan gobe. Bayan 28 ina da damar magana. Tsakani akwai kwana biyar. Kwana biyar sun isa mutum ya je ya ce ya janye, musamman mutumin da ake roƙonsa ya zauna. Kuma wataƙila kafin nan abubuwa su canza.

Alhamis, 9 ga wata, 4:45 na yamma

Intabiyu uku. Duka ukun sun yi kyau. Babu gurbi.

Juma'a, 10 ga wata, 3:00 na yamma

Babban Injiniya ya shigo ya zauna a gefen teburina, kan takarduna. Shi an faɗa masa tun Litinin.

"Ina Mai Fensir ɗina?"

"Yana cikin koren fayil."

"Kin san abin da ya faru da safe? Rumbun nan ya sake faɗuwa, minti arba'in. Ni na tashe shi, ni da rabona da wannan aikin tun ina da gashi a kai." Ya shafa sanƙonsa. "Zan nemi a cire wannan gurbin daga dokar. Gurbi ɗaya tak. In ya kama in shimfiɗa tabarma a ƙofar Shugaba zan shimfiɗa. Ki ba ni mako guda."

Na ce na ba shi, kamar nawa ne.

Da ya fita sai na ji sauƙi, har na ci abincin rana. Yanzu ina da dalili: in na faɗa wa Mai Fensir yau ya koma ya janye, sannan Shugaba ya yarda mako mai zuwa, na ɓata wa kowa. Shiru shi ne hankali.

Na karanta layin da ke sama sau biyu. Ya yi ma'ana.

Asabar, 11 ga wata, 10:15 na safe

Inna, mahaifiyata, ta miƙo mini ambulan a kicin. Takardun 'yar wata ƙawarta ne, ta gama karatun kwamfuta shekara biyu ke nan tana zaune.

"Ke da kike raba aiki, ki duba mata."

"Inna, ba ni nake rabawa ba."

"To wa yake rabawa? Kullum kika dawo kin ce na ɗauki wane, na ɗauki wance. Ko sai bare ake ɗauka?"

Na karɓa na sa a jaka. Maigida yana goge takalminsa a bakin ƙofa, zai tafi kemis. Ya ce, "Inna, ki bar ta, tun Talata take wanke kofi ɗaya sau uku." Inna ta ce tun ina ƙarama haka nake in na fasa wani abu na ɓoye. Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Litinin, 13 ga wata, 5:40 na yamma

Shekara biyu da suka wuce ni nake bin mutane. In tura saƙo ashirin, biyu su amsa, ɗaya ya ce yana da tayi uku a hannu, me za mu ƙara masa. Akwai wanda ya karɓi takardarmu, ranar fara aiki ya turo saƙo cewa ya samu inda ya fi. A lokacin ne muka koyi kiran albishir, muka koyi matsa wa mutum ya faɗi ranar da zai fara tun kafin tawada ta taɓa takarda.

Yau tallanmu na ƙaramin mai rubuta manhaja ya tara mutum ɗari tara da goma sha huɗu. Na'ura ce take tace su kafin su iso gare ni, ta zubar da duk wanda bai sa kalmomin da take nema ba. Cikin waɗanda suka tsallake akwai mai shekara goma sha biyu a aiki, ya rage shekarunsa a takarda zuwa biyar don kada a ce ya fi ƙarfin gurbin. Na gane ne daga shekarar da ya gama makaranta.

Madam ta ce a ƙara zagaye na biyar ga duk wanda ya wuce na huɗu. Ba don ana buƙata ba. Don a samu abin da za a ce musu.

Wata mata ta zo zagaye na huɗu da ƙarfe biyu. Ta ɗauki hutun yini a wurin aikinta, ta hau mota biyu. Ta amsa komai. Da za ta tafi ta tambaye ni ko ana barin mutum ya fita ƙarfe huɗu ranar Laraba, saboda tana kai mahaifinta asibiti. Na ce za mu tattauna in lokaci ya yi. Ta yi godiya sau biyu.

Mai Fensir bai kira ba. Na duba wayar ofis don in tabbatar tana aiki.

Talata, 14 ga wata, 12:00 na rana

Koren fayil yana nan. An cire kofin.

Laraba, 15 ga wata, 7:30 na yamma

Maigida ya dawo da wuri, ya same ni a falo ban kunna fitila ba. Na ba shi labarin, ban da suna.

"Mutumin ya sani?"

"Ba a ba ni izinin faɗa ba."

"Ranki ya daɗe, ban tambaye ki izini ba. Na ce ya sani?"

"Bai sani ba."

Ya zauna ya cire agogo. "Amma shi ma, mutum mai shekara tara a aiki, ya ajiye ba takarda a hannu? Wannan ai kuskuren sabon shiga ne."

Na tashi na ce zan duba tukunya.

Zan rubuta a nan, tun da ban iya faɗa a falo ba. Ranar Alhamis ɗin nan, 2 ga wata, 3:20 na yamma, shi ne ya ce: "Malama, zan jira takarda kafin in sanar da su. Haka na saba." Ni ce na ce: "Injiniya, in ka jira Litinin, notis ɗinka zai ƙara nisa cikin watan gobe, kuma Babban Injiniya yana son ka fara farkon wata. Takarda ai cika ƙa'ida ce kawai. Shekara huɗu ban taɓa kiran mutum takarda ta ƙi fitowa ba. Ka miƙa gobe."

Ya ce, "To, tunda ke kika faɗa."

Ba shi ya yi gaggawa ba.

Alhamis, 16 ga wata, 9:50 na safe

Ina duba shafin neman aiki, kamar kowace safiya, sai ga tallan kamfanin jigilar. Mai kula da rumbun bayanai. Kujerarsa ce. An sa shi jiya, har mutum ɗari uku da sittin sun nema.

Na san yadda abin yake tafiya. Mako guda ana tara sunaye, mako guda ana tacewa, mako biyu ko uku ana intabiyu. Ba za su sa wa kowa hannu ba kafin 28. Ba zai yiwu ba. Lissafina yana nan daram.

Na sake dubawa ƙarfe goma sha ɗaya. Ɗari huɗu da biyu.

Juma'a, 17 ga wata, 6:10 na yamma

An sallami mutum goma sha huɗu yau. An kira su ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙaramin ɗakin taro, minti goma kowa. Kafin mutum ya dawo teburinsa an rufe masa kwamfuta. Masu gadi sun hau da kwalaye tun safe sun jera a bayan firinta, kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Doguwa tana cikinsu, ita ce ta tara a jerin.

Na taya ta kwashe kaya. Kofi, caja, hoton 'ya'yanta, takalmin da take ajiyewa ƙarƙashin tebur. Ta ce, "Ki riƙe shukar nan, ba zan hau mota da ita ba." A bakin lif ta ce, "Kin san abin dariyar? Ƙarfe uku ina da intabiyu da wani. Ki je ki yi masa, kar ya ce ba mu da tsari."

Na je na yi masa.

An ce wa sauran ma'aikata gyaran tsari ne. Tallace-tallace goma sha ɗaya suna nan.

Babban Injiniya ya ce Shugaba ya ce a bari sai Talata.

Lahadi, 19 ga wata, 4:00 na yamma

Na rubuta masa saƙo a waya, na goge. Sau huɗu.

Litinin, 20 ga wata, 10:20 na safe

Imel daga Mai Fensir. Ba ƙorafi. Ya ce ya karanta duk abin da kamfaninmu ya wallafa game da manhajar, ya haɗa shafi uku na abin da yake ganin zai fara dubawa a watan farko, in Babban Injiniya zai so ya gani. A ƙasa ya tambayi ko akwai wurin ajiye babur a ginin. Layin ƙarshe: "Maiɗakina tana tambaya ko takardar ta fito, na ce mata manyan kamfanoni haka suke."

Na kai wa Madam. Ta karanta a tsaye.

"Ki ce masa muna kammala wasu matakai na cikin gida, za mu tuntuɓe shi nan ba da jimawa ba."

"Madam, saura mako biyu ya bar can."

"Saura kwana takwas mu ma. Ki yi haƙuri, na san ba daɗi. Ba ke kaɗai kike ɗauke da irin wannan ba." Idonta ya yi ja. Ita ta zauna a ƙaramin ɗakin taron nan ranar Juma'a, sau goma sha huɗu.

Na rubuta abin da ta ce. Na ƙara cewa akwai wurin babur.

Talata, 21 ga wata, 2:35 na rana

Babban Injiniya bai zauna a kan teburina ba. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"An ƙi."

"Har bayan 28?"

"Har shekara mai zuwa. Za a kawo wani na haya, kwana uku a wata." Yana riƙe da shafuka ukun nan na Mai Fensir da na tura masa, ya buga su a takarda. "Kin karanta? Abu na biyu da ya rubuta shi ne abin da yake kayar da mu kowace Juma'a. Daga waje ya gano." Ya naɗe su ya sa a aljihu. "Ki faɗa masa."

"Kai ka faɗa masa mana."

"Ni ban kira shi ba."

Bai faɗa da zafi ba. Gaskiya ce kawai.

Laraba, 22 ga wata, 4:15 na yamma

Na ce wa Madam zan je ganin likitan haƙori. Na hau mota zuwa wancan gefen gari. Ginin nasu tsoho ne, manyan motoci a jere a harabar. Na kira shi daga wurin shan shayin da ke tsallaken titi.

Ya fito da fara'a, yana duban jakata. Ya ɗauka takardar na kawo da hannuna.

Na shirya jawabi a mota, mai gabatarwa da dalilai. Da ya zauna sai na ce: "Injiniya, babu aikin. An dakatar da ɗauka. Takardar ba za ta fito ba."

Ya dubi teburin. Mai shayi ya kawo kofi biyu, ya jira har ya tafi.

"Ba za ta fito yanzu ba, ko ba za ta fito ba?"

"Ba za ta fito ba."

"Na yi wani abu ne?"

"A'a. Kai ka fi kowa. Ba a ɗaukar kowa ne."

"Amma na ga tallanku jiya. Duk suna nan."

"Babu gurbi a bayansu. Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka yi wa bayanin wata na'ura. Sai ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na yi niyyar cewa jiya. Jiya aka ƙi, gaskiya ce ita ma.

"Tun 7 ga wata."

Ya ƙirga da yatsu a kan tebur.

Na ce ya je yau ya janye, ba su ɗauki kowa ba tukuna, na san tsarin, ba za su iya gamawa kafin ƙarshen wata ba. Na ce in manajansa yana son ya ji daga bakina zan hau in faɗa masa. Na ce an hana ni faɗa, kuma in aka ji zan iya rasa nawa. Ban san me ya sa na faɗi wannan na ƙarshe ba. Na so ya ce na yi ƙoƙari.

Ya ce, "To Allah ya tsare miki." Ya miƙe. "Bari in je in same shi kafin ya fita."

Bai taɓa shayin ba. Na kalle shi ya tsallaka titi, ya tsaya a bakin ƙofarsu ya gyara wuyan riga kafin ya shiga.

Alhamis, 23 ga wata, 5:00 na yamma

Bai kira ba. Madam ta tambaye ni haƙori. Na ce da sauƙi.

Juma'a, 24 ga wata, 12:40 na rana

Ya kira 12:10. Na fita baranda.

"Malama, na ce bari in sanar da ke, kar ki yi ta jira. Bai yiwu ba."

"Sun ɗauki wani? Ba zai yiwu ba, kwana tara kawai da..."

"Ba su ɗauki kowa ba. Ba za su ɗauka ba. Tallan nan irin naku ne." Muryarsa ba ta rawa. "Da ma ana neman inda za a rage. Da takardata ta isa sama sai suka soke kujerar, suka raba aikin wa mutum biyu. Na sauƙaƙa musu."

Na ce amma manajansa yana son sa.

"Yana so. Shi ya sa bai kai takardar sama ba da na ba shi. Ya sa ta a aljihun teburinsa ya kulle, ko zan canza ra'ayi. Mako guda ya riƙe ta. Ranar Juma'a, 10 ga wata, da yamma ya sake tambayata, na ce ina nan kan bakana. Sannan ya kai."

Wata babbar mota ta wuce a wajensa, na ji ƙararta a waya.

"Ba don in ɗora miki na faɗa ba," ya ce. "Kin tambaya ne."

Ni da sana'ata ke nan. Na ƙirga notis, na ƙirga makonnin tacewa, na ƙirga ranar masu zuba jari. Na gaskata tallansu alhali ina zaune a kan goma sha ɗaya irinsa. Kwana huɗu ƙofar tana buɗe, Talata zuwa Juma'a, kuma duka huɗun na sani.

Ya ce yana da roƙo ɗaya. Duk inda zai je yanzu za a tambaye shi me ya sa ya bar aikin shekara tara a irin wannan lokaci, ba tare da wani a hannu ba. In ya ce an yi masa alkawari, babu mai yarda. Yana son takarda mai tambarin kamfaninmu da ta faɗi abin da ya faru. Layi huɗu ma sun isa.

"Kuma in nuna wa maiɗakina," ya ce. "Har yanzu ban faɗa mata ba."

Na ce ya zo Litinin.

Litinin, 27 ga wata, 1:30 na rana

Na rubuta ta tun ƙarfe takwas. Layi biyar: cewa ya ci duk gwaje-gwajenmu ya zo na ɗaya cikin ɗari biyu da tamanin da ɗaya, cewa ranar 2 ga wata na sanar da shi da baki an ɗauke shi, na kuma shawarce shi ya ajiye aikinsa, cewa kamfani ya dakatar da ɗauka bayan nan, ba don wani laifi nasa ba.

Madam ta karanta ta ture mini.

"Ba zan sa hannu ba. Lauya ma ba zai bari ba. Gobe mutanen nan za su zo." Ta sa yatsa a layi na uku. "Kuma wannan fa? Ke kika ce ya ajiye?"

"Ni ce."

Ta daɗe tana kallona. "Ni ban ga takardar nan ba," ta ce. "In ta fita da tambarinmu, wanda ya sa hannu shi ya sani."

Na koma teburina na sa hannu, na rubuta muƙamina da lambar wayata, ta gida, don ban san har yaushe ta ofis za ta zama tawa ba.

Ya zo 11:50. Na sauka na same shi a ɗakin jira. Ya karanta a tsaye, sau biyu, ya tsaya a layi na uku.

"Wannan ba dole ba ne ki sa."

"Shi ne abin da za su tambaya."

Ya ninke ta biyu ya sa a jaka. Na ce ina da mutane a kamfanoni shida da na san gurabensu na gaske ne, ko kuma zan tabbatar kafin in tura shi. Ya ce to. Bai ce na gode ba, kuma na ji daɗin hakan fiye da in ya faɗa.

A kujerar da ke kusa da taga akwai mata zaune da fayil a cinya. Matar nan ce mai kai mahaifinta asibiti ranar Laraba. Zagaye na biyar, ƙarfe goma sha biyu. Ta ganni ta miƙe tana murmushi.

Mai Fensir ya dube ta, ya dube ni. Ya rage murya.

"Ita ma intabiyu?"

"E."

"Ta sani?"

Sakatariyar ɗakin jira tana jinmu. Lif ya buɗe, babu kowa ciki, ya rufe.

Na ce masa ya sauka lafiya. Na je na zauna kusa da ita, a nan ɗakin jira, na ce kafin mu hau sama akwai abin da ya kamata ta sani.